Rigar da Na Kama wa Kujera

Ranar Lahadin da ta wuce ina zaune a shagona na Highbridge, a yankin Bronx na birnin New York, ina gyaran wuyan wata riga, sai ga Nazifi ɗan ƙanwata da abokansa biyu, kowa kansa a sunkuye kan waya. Nazifi ya ga akwatina a bakin ƙofa, ya yi dariya ya ce, "Kawu, holide ya zo ke nan? Wallahi bizines ɗinka ya fi na kowa daɗi. Ka hau jirgi, ka je bakin teku, ka miƙa riga, ka dawo. Ni da waya kawai zan yi wannan. In yi fostin, a yi oda, in tura ta mel, shi ke nan." Abokan suka yi ta gyaɗa kai kamar ƙadangaru. Ban tanka masa ba, don allura na bakina. Amma maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na zauna na rubuta wannan, domin shi da ire-irensa.

Sunana Sabo, mutumin Zariya ne ni, sana'ata ɗinkin hannu na babbar riga. A zauren Malam Ɗanladi na koya, inda na shekara biyu ba a bar ni na taɓa shadda ba sai tsumma. Idan ka yi layi goma na tara ya karkace, Malam ba ya faɗa, sai ya miƙo maka reza ka farke goman duka da hannunka. Da na zo New York kuwa, ɗinki bai saya mini ko kofin shayi ba. Jakunkunan mata na riƙa shimfiɗawa a gefen Canal Street, sanyi ya ci ni, zafi ya ci ni, har yatsuna suka fara manta nauyin allura.

A nan Alhaji Ilu ya tsince ni. Mutumin Maraɗi ne, dattijo mai shagon atamfa da huluna a unguwar Morrisania, nan Bronx. Ya tsaya a kaina wata Juma'a, bai ko kalli jakunkunan ba, sai wuyan kaftanin da ke jikina.

"Kai, wa ya yi maka wuyan rigar ga?"

"Ni na yi, Alhaji."

"Da hannunka? To mi kake yi nan da jikkunan mata? Bon, gobe ka iske ni shago."

Shi ya fara gaya mini labarin Tirinidad, wani tsibiri a can Karebiyan. Da yawa daga mutanen wurin jikokin bayin da aka kwasa daga ƙasashenmu ne. Kowace shekara ranar ɗaya ga Agusta suna bikin tunawa da 'yanta kakanninsu, kuma a ranar kowa kayan Afirka yake sawa, daga jariri har tsoho mai sanda. Yawanci rigunan kanti ne masu zanen inji, irin wanda za ka ga mutum goma a layi ɗaya da riga iri guda. A babban birni kowa ya kafa tebur yana sayar da su. Alhaji Ilu kuwa ba ya kafa tebur. Ya ce masu son kayan gaske dattawa ne, kuma dattawa ba sa zuwa birni, suna ƙauyukansu a kan tudu da bakin ruwa. Wanda zai sayar musu sai ya iya shiga motar haya.

Tafiyarmu ta farko tare, a shekarar 2011, ban sayar da ko hula ba, mota kawai na koya. Can ƙananan bas ne farare, suna ce musu maksi, kowace da ɗamarar fenti a cikinta, kuma launin ɗamarar shi ke gaya maka inda ta nufa. Mai ja gabas take yi, mai kore kudu zuwa San Fernando, daga can mai baƙi ta ɗauke ka zuwa Princes Town da abin da ke bayanta. Ranar farko na tsaya bakin titi na kusan rabin awa, motocin da nake so suna ta wucewa ta ɗaya gefen, don su a hagu suke tuƙi. Alhaji Ilu na tsallaken titi yana cin gyaɗa yana kallona, bai ce mini uffan ba sai da na gane da kaina na tsallako. Haka yake koyarwa. A rana ta uku ma ajiye ni ya yi a tashar San Fernando, ya faɗi sunan wani ƙauye, ya ce mu haɗu can kafin la'asar, ya shige cikin mutane ya ɓace.

Abin da na koya a kwanakin nan babu shi a cikin waya. Ba a ɗaga wa maksi hannu haka kawai, da yatsa ake gaya wa direba inda za a. Ka nuna ƙasa, gajeriyar tafiya ce, ka nuna gaba ko bayan kafaɗa, kowanne da garin da yake nufi, kuma alamar wannan hanya ba lalle ta yi aiki a waccan ba. Idan ka shiga, ka gaida motar duka da murya, su kuma su amsa baki ɗaya. Na taɓa shiga shiru irin na jirgin ƙasan New York, wata tsohuwa ta bi ni da kallo har na zauna, sannan ta gaishe ni da ƙarfi don kowa ya ji. Ni da na taso a garin da ba a shiga zaure sai da sallama, ranar na ji kunya har ƙafata. Ba a biya sai za a sauka. In ka iso inda za ka, akwai ɗan maɓallin ƙararrawa a saman taga. Ba a tsayuwa a ciki, kujera ta ƙare mota ta cika. Kada ka zauna kan tayar baya in kana da kaya, kada ka zauna inda lasifika take in kana son kunnenka. Kuma duk direban da ya ce maka "yanzun nan za mu tashi", ka nemi abin da za ka ci.

Kayan aikina ba su da yawa: allurai, zaren siliki da ake aiko mini daga gida, almakashi, alli, tef na awo, sai gungumen bugu da itacensa. Ɗinki rabin aiki ne, bugu shi ke fito da ƙyallin shadda. A Zariya masu bugu daban suke, a Bronx kuwa ni ne tela ni ne mai bugu. A ƙasan benenmu nake yi, kusa da injinan wanki. Karon farko mai kula da ginin ya sauko a guje da sifana a hannu, ya ɗauka bututun ruwa ne ya fashe. Da ya ga ƙato zaune yana dukan riga da itace, ya tsaya ya daɗe yana kallona, ya juya ya hau abinsa. Har yau in mun haɗu sai ya tambaye ni laifin da rigar ta yi.

Bayan bugu sai ninki, kuma a nan yawancin masu kawo kaya daga gida suke kashe aikinsu. Ana ninke riga ne yadda babu layin ninki ko ɗaya da zai ratsa ta kan aikin. A naɗe ta cikin farin yadi, a sa takarda, a sa tsakanin kwalaye biyu masu faɗi, a ɗaure da ƙyallen shadda. Ba a sa ta a leda. Ƙasar can zafi ne da laima, awa biyu a leda riga ta yi gumi, ƙyallin ya mutu, ta koma kamar an wanke ta. Ruwan sama kuwa ko ɗigo ne tabo yake bari. Ba a sa ta a bayan mota tare da buhunan mutane, ba a ɗora ta a cinya, don cinya ma gumi take yi, ga ramukan hanya. Saboda haka Alhaji Ilu ya kafa mini doka biyu. Ta farko, riga kujerarta daban, ka kama kujera biyu, ɗaya taka ɗaya tata. Ta biyu ya faɗa mini ita yana riƙe da kunnensa: "Kaya ba su barin idonka sai sun shiga hannun mai su. Ko gobara ta tashi, Sabo, da kwalin za ka hita."

Shekara biyar ban karya ko ɗaya ba. Direbobi su yi dariya, fasinjoji su tambaya ko hoton kakata ne a ciki, ni dai in ajiye kwalina a kujerar taga in zauna gefensa.

Mista Wilfred na auna a shekara ta biyar. Tsohon manomin koko ne a wani ƙauye na yankin Moruga, can ƙarshen kudu inda hanya take ƙarewa a teku, ya haura tamanin. Nazifi, ga abin da wayarka ba za ta yi ba. Babbar riga ba kwat ba ce da za a turo maka lamba. Na auna shi daga yatsa zuwa yatsa, daga kafaɗa zuwa ƙwauri, sannan na ce ya taka zuwa bakin ƙofa ya dawo. Na ga kafaɗarsa ta dama ta fi sauka, shekara sittin ana ɗaukar buhu a kanta, na ga kuma yana ɗan duƙawa in ya gaji. In ban rage gaban rigar ba, taka ta zai yi. Ya ce mini mutanen ƙauyen sun zaɓe shi ya shige gaban jerin gwanon baɗi, karo na farko, kuma a shekarunsa ba ya sa ran na biyu. Ya ce, "Mista Sabo, duk shekara rigar kanti nake sawa. Ina so sau ɗaya in sa wadda hannun mutum ya zauna ya yi saboda ni." Na ce masa kafin rana ta faɗi a jajibirin biki rigarsa na hannunsa. Muka yi musafaha a kai.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mummunar shekara. Farashin man fetur ya faɗi, ƙasar kuwa da shi take ci, aka yi ta sallamar mutane daga aiki. Masu odar da na saba da su suka yi ta bugo waya ɗaya bayan ɗaya suna ba da haƙuri. Gwiwoyin Alhaji Ilu suka hana shi tafiya, karon farko ke nan da zan je ni kaɗai. Babban aiki ɗaya ya rage mini a hannu, na Mista Wilfred: aska takwas a kan farar shadda, wato aikin nan na gaban riga mai dogayen tsinaye takwas, da tambari mai da'ira a ƙirji da wani a baya. Wata biyar na yi a kanta. Ina cikin aska ta bakwai zare ya ƙare, wanda aka aiko daga Zariya ya yi mako uku a hanya, da ya zo kuma ba rini ɗaya ba ne da na farko, ya ɗan fi shi kauri da kamar gashi guda. Na haɗa su ta ciki yadda ni kaina sai na kai rigar bakin taga nake gane wurin. Wannan jinkirin ya sa ban gama bugu ba sai ana saura kwana uku. Na sauka Tirinidad ana jibi biki, na kwana a birni, da safe na ɗauki kwalina na nufi tasha.

Jajibiri ne, kowa gida ya nufa. Mai ɗamarar kore ta kai ni San Fernando lafiya. Mai baƙi ta kai ni Princes Town wajen azahar, na yi salla, na ci roti, wata gurasarsu, da wake a tsaye, kwalin na jingine da ƙirjina. Motar Moruga sai da na yi awa biyu kafin in samu mai kujera biyu a jere. Ƙarama ce, mai cin mutum goma sha biyu, direban wani siriri mai furfura a gemu. Na gaida mota, na ajiye kwali, na zauna. Hadari ya riga ya haɗu baƙi ƙirin ta gabanmu.

Mun yi kamar rabin hanya ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. A wata mararraba, inda babu gida babu rumfa sai allon hanya da ciyawa, direba ya rage gudu. Mutum biyu ne tsaye a ƙarƙashin ƙaramar lema guda, wata dattijuwa da mijinta. An naɗe masa idanu biyu da bandeji, tana riƙe da damtsensa. Daga asibiti suke, an yi masa aikin ido, motar da ta ɗauko su ta ajiye su nan ta yi wata hanya. Matar ta karkatar da lemar duka kansa don kada bandejin ya jiƙe, ita kuwa ruwa na bin bayanta. Direba ya buɗe ƙofa ya ce, "Tanti, na cika." Can haka suke kiran duk macen da ta manyanta. Ya faɗa, amma bai ja motar ba.

Motar ta yi tsit, har kiɗan direba ya kashe. Amma na san inda idon kowa yake, kan kwalin da ke zaune a kujerar taga a bushe.

Na yi lissafin a kaina da sauri. In na ɗora kwalin a cinyata, kujera ɗaya ce za ta fita, su kuwa biyu ne, kuma mutumin ba ya iya taku ɗaya ba ita. Sauran fasinjojin tsofaffi ne da mata masu goyo, kowa gida za shi, ban ga laifin wanda bai motsa ba. Ni ne mai kujera biyu. In na sauka da kwalin, kafin in ƙirga goma aikin wata biyar ya zama tsumma. In na zauna, zan kai riga a bushe, amma a matsayin baƙon da ya bar makaho a ruwa saboda kwali, kuma a irin wannan hanya labari yana riga mota isa.

Na miƙe. Na riƙe kwalin a cikin mota har suka shigo suka zauna, sannan na shimfiɗa shi a kan gwiwoyinsu su biyu. Na kama hannuwan mutumin na ɗora a gefe da gefe. Na ce wa matar, "Tanti, riga ce. Sunan mai ita na rubuce a sama. Kada ta jiƙe, kada a danne ta, kada a sa ta a leda." Ta ce "to" ba tare da ta dube ni ba, hankalinta na kan goge wa mijinta fuska. Direba ya ce, "Kada ka damu, mutumin Afirka, wata motar na baya." Na sauka, ƙofa ta rufe.

Sai da fitilun motar suka sha kwana na tuna ban tambayi sunan matar ba. Ban ɗauki lambar motar ba. Ban ma san ko ƙauyensu ɗaya da Mista Wilfred ba, ko za su sauka tun kafin a kai. Dokar Alhaji Ilu da na riƙe shekara biyar, na karya ta cikin minti biyu, na ba mutanen da ban sani ba, ɗayansu ma ba ya gani. Na buga wayar gidan Mista Wilfred, ba ta shiga. Motoci uku suka wuce a cike maƙil, kowane direba ya juya mini tafin hannu. Gab da magariba wata mai komowa ta tsaya, direban ya ce babu sauran mota yau, in zo ya mai da ni. A wani masallaci na Princes Town na kwana, ladanin ya ara mini busasshiyar riga.

Safiyar biki motoci ba su fito da wuri ba. An ce jerin gwano ƙarfe takwas zai tashi, ni kuwa ban samu mota ba sai takwas ɗin ta gota. Duk hanya ina shirya abin da zan faɗa wa tsoho. Babu wata rigar da zan ba shi, babu wata shekarar da zan ce ya jira. A karon farko tun da na fara kai wa mutane riga, na nufi ƙauye da kujera ɗaya, kuma hannuna sai kaiwa yake gefe yana laluben kwalin da babu.

Wajen ƙarfe goma na sauka. Tun daga bakin hanya na ga mutane cike a filin makaranta, mata da manyan ɗaurin kallabi, makaɗa zaune a kan gangunansu, wani mai usur a wuya yana ta duba agogo yana huci. Ba a tashi ba. Na ce shi ke nan, tsoho ya ƙi fitowa saboda babu riga. Na hau tudun gidansa.

Yana zaune a barandarsa daga shi sai singileti da wando, ya yi aski, ya shafa mai. A kan teburin gabansa ga kwalina, a bushe, da ƙullina yadda na ɗaure shi a Bronx.

Ya ce, "Mista Sabo, ka makara."

Na taɓa kwalin sama da ƙasa, babu laima ko kaɗan.

Ya ce, "Jois ce ta kawo, matar Sesil masunci. Ta kai mijinta gida, ta hawo tudun nan da kwalin a ƙarƙashin lemarta, ita kuwa ta iso kamar an tsamo ta daga kogi. Ta ce Sesil ya ɗaga shi sama da gwiwarsa duk hanya, ko da mota ta faɗa rami bai bari ya taɓa komai ba."

Na ce, "To me ya hana ka kwancewa? Ga mutane can suna jiranka tun ɗazu."

"Su jira. Shekara tamanin na jira, awa biyu ba za ta kashe su ba. Jois ta ce mutumin da ya tsaya a ruwa don kada riga ta jiƙe zai zo, kuma shi ya kamata ya kwance ƙullinsa." Ya ɗan yi murmushi. "Ban da haka ma, ni ban san ta ina ake shiga ba."

Na wanke hannuna na kwance. Shaddar ta fito tana ɗaukar ido, ninkinta bai goce ba. Na sa masa 'yar ciki, na zura masa rigar, na naɗe hannayen a kan kafaɗunsa, na ɗan ƙara ninki ɗaya a ta dama mai saukar nan. Na kafa masa hula. Na ce ya taka a hankali, in hannun rigar ya zamo kada ya kama shi da sauri, ya wurga shi kafaɗa kamar ya dame shi. Ya gwada sau ɗaya, sai ka ce a Zariya aka haife shi. Gaban rigar ya tsaya daidai saman takalminsa. Da ya fito bakin tudun, mai usur ɗin da ke ta huci ya manta da usur ɗinsa, matan suka ɗau guɗa irin tasu, ganguna suka tashi. Ina baya cikin rigar aron ladani, kuma ban taɓa jin girman kai irin na wannan safiyar ba, ba zan ɓoye ba.

Jerin gwanon ya gangara wajen teku. A ƙofar wani ɗan shuɗin gida da taruna ke rataye a dangarsa, Mista Wilfred ya ɗaga hannu, kiɗa ya tsaya. Tanti Jois na tsaye, mijinta na zaune a kan benci da bandejinsa. Mista Wilfred ya matsa gabansa ya ce, "Sesil, ga kayan da ka yi dako jiya. Ba za ka gan shi yau ba, to taɓa."

Mutumin ya goge hannuwansa a wando sau biyu kafin ya miƙo su. Yatsunsa duk kanta, shekara hamsin yana ɗinkin taru. Ya fara daga wuya, ya zagaye tambarin, ya sauko kan askakin yana bin su ɗaya bayan ɗaya daga tushe har tsini, leɓensa na motsi. Garin duka ana kallonsa. A aska ta bakwai, wajen tsakiya, yatsansa ya tsaya. Ya koma baya, ya sake dawowa. Ya zura ɗaya hannun ta cikin rigar ya laluba.

Ya ce, "Ina telan?"

Aka turo ni gaba.

"Nan zarenka ya ƙare," in ji shi. "Hannu ɗaya ne, amma daga nan zaren wani ne. Ka haɗa su ta ciki, ka kwantar da ƙullin yadda ko mai rigar ba zai ji shi a ƙirjinsa ba." Yatsan na nan a wurin. "Da a garin nan kake, da na yarda ka taɓa taruna."

Tanti Jois ta dube ni ta ce, "Ko 'ya'yansa bai taɓa bari sun taɓa shi ba."

Shekara bakwai na yi a zauren Malam Ɗanladi, har ya koma ga Allah bai taɓa ce mini na iya ba. Sai da na hau mota uku na kwana a masallacin mutane, sannan wani masunci mai ɗaurarren ido ya gaya mini.

Da na dawo na ba Alhaji Ilu labari, ya saurara har ƙarshe, ya ce na yi wauta, ya kuma ce in sake faɗa masa wurin zaren. Har yau in na shiga motar Moruga, kafin in gama gaisuwa wani ya matsa ya bar mini biyu a jere.

Jibi zan tashi, Nazifi, riga uku ce a akwatin nan da ka yi wa dariya. In kana son ganin holide, ka zo mu je. Amma ka taho da lema, kuma ka sani kujerar taga ba taka ba ce.